Sikanin, Eksire, CT, MRI ko PET: Wane Hoto Ya Dace da Yaron da Wata Gaɓarsa Ta Yi Girma?

Da zarar likita ya ce wata gaɓa a jikin yaro ta wuce girman da aka sani, maganar hoto ce ke biyo baya. Wani lokaci likitan ne zai ajiye wa iyaye zaɓi biyu ya ce su duba wanda za su iya. Wani lokaci kuma iyayen ne ke matsa masa lamba a yi "babban hoton" domin hankalinsu ya kwanta. Ko ta wace fuska abin ya zo, yana da kyau ku san me kowace na'ura ke iya gani, me ba ta gani, da kuma abin da yaron zai ɗauka a jikinsa kafin a samu hoton.

Yanayin da muke magana a kai shi ne wanda ƙwayoyin halittar wata gaɓa suka yawaita har gaɓar ta ƙara girma, alhali ƙwayoyin lafiyayyu ne, ba na kansa ba. Likitoci na kiransa haifafileshiya. Yara na yawan haɗuwa da shi, domin jikinsu bai gama ginuwa ba, garkuwar jikinsu kuma tana kan koyon aiki. Ana ganinsa a kaluluwar wuya, a adinoyid da ke bayan hanci, a taimos da ke bayan ƙashin ƙirji, a hanta, a adirinal da ke zaune a kan ƙoda, a fankiriyas da ke bayan tumbi, a fituwitari da ke gindin ƙwaƙwalwa, har da mahaɗar muƙamuƙi. Akwai ma yaran da ɓangare guda na jikinsu ke fin ɗayan girma.

Babu hoton da ke ganin ƙwayar halitta. Wannan aikin madubin ɗakin gwaji ne, bayan an gutsuro nama. Abin da hoto ke bayarwa shi ne siffa, wurin zama, yadda jini ke shiga, da yadda abin ke sauyawa daga wata zuwa wata. Don haka a mafi yawan lokuta aiki biyu ake nema daga gare shi: ya raba wannan girma da ciwon daji, sannan ya taimaka wajen bibiya. A ganina duk wanda ya riƙe wannan zai daina tambayar wace na'ura ta fi ƙarfi, ya koma tambayar wacce za ta amsa abin da likita ke nema ba tare da an ɗora wa yaro nauyin da babu dalili ba.

## Ma'aunin da za a bi

Na farko, inda gaɓar take. Abin da ke kusa da fata ko a cikin ciki daban yake da abin da ke cikin huhu ko cikin ƙoƙon kai. Iska da ƙashi suna tare wasu hotunan, wasu kuma su ne abincinsu.

Na biyu, radiyeshin, wato hasken da ke ratsa jiki wanda yawansa kan yi wa ƙwayoyin halitta illa. Eksire, CT da hotunan nukiliya (PET da SPECT) duk suna amfani da shi, sikanin da MRI ba sa yi. Ana auna shi da milisibat, kuma kowane ɗan'adam yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama ko da bai taɓa shiga asibiti ba. Hoton ƙirji na eksire ɗan ƙaramin yanki ne na wannan, daidai da na 'yan kwanaki. CT na ciki kuwa yana iya kai na shekara ɗaya ko fiye, gwargwadon yadda aka saita na'urar. Yara sun fi manya jin tasirinsa domin ƙwayoyin jikinsu na rabuwa da sauri, kuma suna da shekaru masu yawa a gaba da illa za ta iya bayyana. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2012, wanda ya bi yara da matasa kusan 180,000 a Birtaniya, ya ƙiyasta cewa a cikin kowane CT na kai 10,000 da aka yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 10, za a samu ƙarin kansar jini ɗaya da ƙarin ƙari a ƙwaƙwalwa ɗaya cikin shekara 10 masu zuwa. Wani da ya fi shi girma, na ƙasashen Turai 9, ya fito a 2023 da sakamako makamancin haka: kansar jini 1 zuwa 2 cikin yara 10,000 a shekara 12 da ke biyo bayan hoton. Wannan adadi ba na tayar da hankali ba ne ga yaron da ke buƙatar hoton da gaske. Amma ya isa ya sa a ƙi yin sa don kwantar da hankali kawai.

Na uku, natsuwa. Yaro ɗan shekara 2 ba zai kwanta shiru na minti 40 don an roƙe shi ba. Hoton da ke buƙatar haka yana jan maganin barci, shi kuma yana jan azumi, allura a jijiya, likitan sa barci da zaman farfaɗowa. A Disamban 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa sa yara 'yan ƙasa da shekara 3 barci sau da yawa, ko na fiye da awa 3, yana iya shafar ginuwar ƙwaƙwalwa. Barci guda gajere bai shiga wannan gargaɗi ba, sai dai ya nuna cewa "babu radiyeshin" ba ya nufin "babu haɗari".

Na huɗu, wanda aka fi mantawa: sau nawa za a sake. Yawancin waɗannan larurori ba na hoto ɗaya a tashi ba ne. Hoton da ya yi daidai sau ɗaya yana iya zama kuskure idan za a maimaita shi duk wata uku na shekara bakwai. A nan ne ma ake duba ko hoton na ajiyewa ne, wato ko wani likita zai iya ɗaukarsa bayan shekara biyu ya gwada da sabo.

Sai tsada da samuwa. A kusan ko'ina jerin iri ɗaya ne: eksire da sikanin a ƙasa, CT a tsakiya, MRI a sama, PET a ƙololuwa. Ku lissafa har da ruwan haska hoto, wanda ake sa wa yaro don hoto ya fito sarai, da kuɗin sa barci, domin su ne ke ninka lissafin.

## Sikanin

Wannan na'urar da ake duba mai juna biyu da ita ce, mai aika sauti cikin jiki ta karɓi amsa-kuwwarsa. Babu radiyeshin, babu allura, babu barci. Yakan ɗauki minti 15 zuwa 30, yaro na iya zama a cinyar uwarsa, kuma ko ya yi kuka aikin bai ɓaci ba. Jikin yara ma ya fi na manya dacewa da ita, domin kitsensu kaɗan ne, gaɓoɓinsu kuma ba su yi nisa da fata ba.

A ɗauki kaluluwar wuya, wadda ita ce ta fi kai iyaye asibiti. Mai dubawa zai shafa man a wuyan yaron, ya ɗora kan na'urar, ya juya shi a tsaye da a kwance. Kaluluwar da ta kumbura saboda yaƙi da mura ko ciwon maƙogwaro takan fito doguwa mai siffar ƙwai, da wani farin layi a tsakiyarta. Idan ya kunna launi, sai a ga jini na shiga ta tsakiyar nan yana rarrabuwa cikin tsari. Wadda ake shakka kuwa takan zagaye, farin layin ya ɓace, jinin ya riƙa shigowa ta gefe ba tsari. Ta tarin fuka sau da yawa takan manne da 'yan'uwanta, cikinta ya narke. Duk wannan cikin 'yan mintuna, a gaban idon iyaye.

A jariri, sikanin na ganin taimos ta saman ƙashin ƙirji da tsakanin haƙarƙari, domin ƙasusuwan ba su gama ƙwari ba. Lafiyayyen taimos laushi gare shi, yana lulluɓe manyan jijiyoyin jini ba ya danne su, yana kuma sauya siffa da numfashi. Ƙari ba ya haka.

A jaririn da aka haifa da girman adirinal na gado, sikanin na iya nuna adirinal ɗin ya yi kauri ya yi lanƙwashe-lanƙwashe, kuma idan al'aurar jaririn ba ta fayyace ba, shi ke nuna ko akwai mahaifa a ciki. Amma a yi hattara a nan: ba hoto ke tabbatar da wannan cuta ba, gwajin jini ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ita rashin sinadari guda ne ke jawo musu, kuma nau'inta mai tsanani na samun kusan jariri 1 cikin 15,000. Jaririn da gishirin jikinsa ke zubewa yana iya galabaita a mako na biyu ko na uku, don haka jiran layin hoto kafin a ɗebi jini ganganci ne. Daga baya, yaran maza masu wannan larura ana duba musu 'ya'yan maraina da sikanin lokaci-lokaci, saboda wasu ƙullutai na naman adirinal da kan tsiro a wurin.

Haka yake a hanji. Idan ƙwayoyin garkuwa da ke bangon hanji suka kumbura bayan wata cuta, suna iya jan hanji ya shige cikin ɗan'uwansa, galibi tsakanin wata 3 da shekara 3. Sikanin ne gwajin farko, kuma a hannun gwani da wuya ya kuskure.

An kuma ƙara masa ƙarfi da allurar ƙananan kumfa da ke bin jini, waɗanda ke fita ta numfashi cikin mintuna ba tare da sun bi ta ƙoda ba. Amurka ta amince da amfani da ita wajen duba hantar yara a 2016. Ba kowane wuri ke yi ba.

Rauninsa biyu ne, kuma manya ne. Ba ya ratsa iska da ƙashi, don haka huhu, bayan hanci da cikin kan yaron da maɗigarsa ta rufe sun fi ƙarfinsa. Na biyu, ingancinsa yana hannun mai riƙe da na'urar. Abin da bai ɗora wa na'urar ba, babu shi a hoto, kuma likita na gaba ba zai iya komawa ya duba wurin da aka tsallake ba. Saboda haka idan bibiya za a yi, ku yi ƙoƙari a riƙa yi a wuri ɗaya, ku kuma tabbatar an rubuta awon a milimita, ba "ya ɗan ƙaru" kawai ba.

## Eksire

Shi ne mafi sauri, mafi araha, kuma ana samunsa kusan ko'ina. Daƙiƙa guda an gama. Sai dai inuwa yake nunawa, ba ya rarrabe nama da nama.

Wurinsa uku ne a wannan magana. Hoton wuya ta gefe yana nuna yadda adinoyid ya cike hanyar iska a bayan hanci. Akwai awon da Fujioka da abokan aikinsa suka fitar a 1979, inda ake raba kaurin adinoyid da faɗin hanyar, idan ya haura 0.8 a ce ya yi girma. Amma hoton na ruɗi idan yaron na kuka ko haɗiyar miyau lokacin ɗauka, shi ya sa likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suka fi yarda da siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta hanci, idan yaron ya yarda. Na biyu, hoton hannun hagu don sanin shekarun ƙashi, wanda ake yi wa masu larurar adirinal domin ƙashinsu kan yi gaggawar tsufa ya rufe kafin su kai tsayinsu. Radiyeshinsa bai taka kara ya karya ba.

Na uku shi ne hoton ƙirji, kuma a nan ne eksire ya fi tayar da ƙura. Taimos na jariri babba ne tun asali. A hoton ƙirji yakan fito kamar wani farin abu ya cika saman ƙirjin, wanda bai saba da hoton yara ba sai ya ɗauka ƙari ne ko ciwon huhu. Wannan ruɗani ya taɓa yin ɓarna ta gaske. Daga farkon ƙarni na 20 har zuwa shekarun 1950, likitoci a Amurka da wasu ƙasashe sun yi imani cewa babban taimos ne ke kashe jarirai farat ɗaya, suka riƙa gasa shi da radiyeshin don ya motse. Dubban lafiyayyun jarirai aka yi wa haka. A 1950 Duffy da Fitzgerald suka ja hankali kan alaƙar wannan da kansar tayirod (gaɓar da ke gaban wuya) a yara, binciken da ya biyo baya kuma ya tabbatar. Taimos ɗin lafiyarsa ƙalau tun farko. A yau idan eksire ya nuna irin wannan inuwa a yaro ƙarami wanda ba shi da wata alama, matakin da ya dace shi ne sikanin, ba a zarce CT ba.

## CT

CT eksire ne mai zagaya jiki yana yanka hoto sala-sala. Sababbin na'urori na gama ƙirji ko ciki cikin 'yan daƙiƙu, don haka yara da yawa ba sa buƙatar barci. Hoton na ajiyewa ne, kowane likita zai iya buɗe shi ya auna da kansa. Tsadarsa matsakaiciya ce. Kuɗin da ake biya na gaske shi ne radiyeshin, sai ruwan haska hoto mai ayodin wanda wasu jikinsu ba ya karɓa, kuma ana taka-tsantsan da shi ga mai ciwon ƙoda.

Ba na cikin masu ƙyamar CT. Akwai wurare biyu da babu na biyunsa. Ɗaya shi ne huhu. Akwai wata larurar jarirai da aka fayyace a 2005, inda wasu ƙwayoyi na musamman a ƙananan hanyoyin iska ke yawaita, jariri ya riƙa numfashi da sauri wata da watanni, iskar jininsa ta yi ƙasa, ya ƙi ƙiba. A CT mai kaifi tana da tambari nata: wani hazo-hazo a tsakiyar huhun dama da takwaransa na hagu, da wuraren da iska ta maƙale. Idan wannan ya fito sarai tare da alamomin da suka dace, sau da yawa ana fasa yanko naman huhu. Radiyeshin ɗin hoto guda ya fi tiyatar ƙirji sauƙi nesa ba kusa ba.

Ɗayan kuma shi ne yaron da ke da babban ƙulli a gaban ƙirji har numfashi na yi masa wuya idan ya kwanta rigingine. Sa irin wannan yaro barci haɗari ne babba, domin ƙullin na iya danne maƙoshi da jijiyoyin zuciya da zarar tsokoki sun saki. MRI na minti 40 bai dace da shi ba. CT na daƙiƙu, yana farke, shi ne daidai.

Idan za a yi, ku tambaya ko an saita na'urar da nauyin yaro, kuma ko zagaye ɗaya zai wadatar. Tun 2008 akwai gangamin likitocin hoto mai suna Image Gently da ke kira ga wannan, domin an daɗe ana ɗaukar yara da saitin manya.

## MRI

Maganaɗisu ne mai ƙarfi da igiyar rediyo, babu radiyeshin mai illa. Wajen rarrabe nama da nama babu kamarsa. Amma yana ɗaukar minti 30 zuwa awa guda, ƙararsa na da yawa har sai an toshe kunne, kuma motsi kaɗan na lalata hoton. Jaririn da bai wuce 'yan watanni ba ana iya yi masa dabara: a ɗan jinkirta shayarwa, a hana shi barci kafin lokacin, sai a shayar da shi ya ƙoshi a bakin ɗakin, a naɗe shi tsaf da mayafi, a sa masa abin toshe kunne, a jira barci ya kwashe shi sannan a tura gadon a hankali. Yaro ɗan shekara 6 ko 7 zuwa sama kuma yakan iya daurewa idan an shirya shi. Matsalar tana tsakanin nan, daga wata 6 zuwa shekara 5 ko 6, inda kusan dole sai an sa barci. Duk wani ƙarfe ko na'urar da aka dasa a jiki, kamar ta ji, dole a faɗa tun kafin a shiga.

Inda kwalliya ke biyan kuɗin sabulu shi ne hanta. Akwai wani ƙulli marar illa da lafiyayyun ƙwayoyin hanta ke taruwa su yi a kewayen wata jijiyar jini, sau da yawa da tabo a tsakiya. Ba kasafai ake ganinsa a yara ba, amma yakan fito shekaru bayan an yi wa yaro maganin kansa ko dashen ɓargo. Ku duba halin iyayen da ɗansu ya warke daga kansa, sai sikanin na bibiya ya nuna sabbin ƙullutai a hanta. Tambayar ɗaya ce, ko cutar ce ta dawo. MRI da wani ruwan haska hoto mai suna gadozetet yana amsa ta da kyau: ƙwayoyin hanta masu aiki suna shan ruwan, don haka bayan kamar minti 20 da allura ƙullin marar illa zai yi haske daidai da sauran hantar ko ma ya fi, kansar da ta yaɗu kuwa ta zauna baƙa domin ba ƙwayoyin hanta ba ne. Idan aka haɗa da gwajin jini na AFP, wanda ke hawa sosai a yawancin masu kansar hanta ta ƙananan yara, galibi ana tsira daga allurar gutsuro nama.

Haka ma taimos bayan maganin kansa ko doguwar jinya. Yakan motse lokacin wahala, sannan ya dawo da ƙarfi cikin watannin da suka biyo, wani lokaci ya wuce girmansa na da. Ga yaron da aka yi wa maganin kansar kaluluwa a ƙirji, wannan abin firgici ne. MRI na da wata dabara ta gano kitsen da ke gauraye cikin naman taimos, wanda ƙari ba shi da shi. Sai dai ta fi aiki a matasa, domin taimos na ƙananan yara bai tara kitse ba tukuna.

Fituwitari kuwa MRI ne kawai ke nuna shi yadda ya kamata. A nan ma akwai tarko. Yaron da tayirod ɗinsa ya daɗe ba ya aiki, fituwitarinsa kan kumbura saboda yawan aika umarnin da ba a amsawa, a hoto ya yi kama da ƙari. An sha kusa yi wa irin waɗannan yara tiyata. Gwajin jini na tayirod ne ke warware zancen, kuma da an fara ba su maganin tayirod kumburin ke sauka cikin watanni.

Ruwan haska hoto na MRI yana ɗauke da gadoliniyam. Tun 2006 aka san yana iya jawo mummunar cutar fata da gaɓoɓi ga masu ciwon ƙoda mai tsanani, daga 2014 kuma aka gano ɗan abin da ke saura a ƙwaƙwalwa bayan allurai da yawa. A 2017 Tarayyar Turai ta taƙaita wasu nau'o'insa. Ba kowane MRI ke buƙatarsa ba, ku tambaya.

## Hotunan nukiliya: PET da SPECT

A nan ana sa wa yaro allurar wani sinadari mai fitar da ɗan radiyeshin, na'ura ta bi inda ya taru. Aiki suke nunawa, ba siffa ba. Su ne mafi tsada, mafi wuyar samu, kuma sinadarin ba ya ajiyuwa: na PET rabinsa ke ƙarewa duk minti 110.

PET na yau da kullum, mai bin sukari, ba gwanin wannan fage ba ne. Taimos da ya farfaɗo, kaluluwar da ke yaƙi da cuta, adinoyid, duk suna shan sukari su yi haske kamar kansa. Wanda ya biya kuɗi mai yawa don samun tabbaci sai ya fito da sabon ruɗani.

Amma akwai larura guda da PET ke sauya rayuwar yaro. Wasu jarirai ana haifarsu fankiriyas ɗinsu na zubo insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini, ba ƙaƙƙautawa, sukarin jininsu na faɗuwa har ƙwaƙwalwa ta shiga haɗari. A wasunsu matsalar ta game gaɓar duka, a wasu kuma wani ɗan wuri ne da bai fi 'yan milimita ba inda ƙwayoyin suka yawaita. Sikanin, CT da MRI yawanci ba sa ganinsa. PET da sinadarin DOPA na nuna shi. Idan an same shi, a yanke wurin kaɗai yaro ya warke. Idan ba a sani ba, sai a cire kusan duk fankiriyas ɗin, yaron ya tashi da ciwon sukari daga baya. Cibiyoyi kaɗan ne a duniya ke yi, kuma gwajin ƙwayoyin gado ne ke nuna wanda ya cancanci tafiyar.

SPECT na ƙashi kuma na matasan da muƙamuƙinsu ya karkace ne saboda mahaɗa ɗaya ta ci gaba da girma. Shi ke faɗa ko girman na ci ko ya tsaya, wanda a kansa ne likita ke tsara lokacin tiyata.

| Hoto | Radiyeshin | Lokaci | Sa barci | Tsada | Maimaitawa | Inda ya fi ƙarfi |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Sikanin | Babu | Minti 15 zuwa 30 | Babu | Araha | Ba iyaka | Wuya, ciki, adirinal, maraina, taimos na jariri |
| Eksire | Kaɗan | Daƙiƙu | Babu | Mafi araha | Jefi-jefi | Shekarun ƙashi, adinoyid, duban farko na ƙirji |
| CT | Mai yawa | Daƙiƙu zuwa mintuna | Wani lokaci | Matsakaici | A taƙaita | Huhu, ƙashi, gaggawa |
| MRI | Babu | Minti 30 zuwa 60 | Sau da yawa ga ƙanana | Tsada | Za a iya, in ba barci | Hanta, fituwitari, taimos na matasa |
| PET da SPECT | Mai yawa | Awa 1 zuwa 4 da jira | Sau da yawa ga ƙanana | Mafi tsada | A taƙaita sosai | Fankiriyas, mahaɗar muƙamuƙi |

## Wane ne ya dace da wa

Yaro mai ƙananan kaluluwa masu laushi a wuya bayan mura, yana ci yana wasa, sau da yawa ba ya buƙatar hoto ko ɗaya, a sake dubawa bayan 'yan makonni. Idan ta wuce santimita 2, ta yi tauri, ta ƙi sauka bayan mako 4 zuwa 6, ko ta fito a saman ƙashin wuya, ko ga zazzaɓi da gumin dare da rama, a yi sikanin da hoton ƙirji, amma kada kyawun hoto ya hana gutsuro nama idan likita na shakka. Kuma kada a ba irin wannan yaro maganin siteroyid kafin a tabbatar, domin yana narkar da kansar kaluluwa na ɗan lokaci ya ɓoye ta.

Mai minshari da barci baki buɗe: bututun kyamara in akwai, in babu eksire na gefe. CT ba shi da gurbi a nan.

Jaririn da eksire ya nuna faffaɗan ƙirji, lafiyarsa lau: sikanin. Wanda numfashi ke gagara idan ya kwanta: CT yana farke, yau ba gobe ba. Wanda ya gama maganin kansa taimos ya girma ba wata alama: MRI ko a jira a sake dubawa, kada a dogara da hasken PET kaɗai.

Ƙulli a hanta: a fara da sikanin da gwajin AFP, a bi da MRI mai ruwan gadozetet. In barci ne matsalar kuma akwai sikanin mai kumfa, a fara gwada shi.

Zargin larurar adirinal ko kumburin fituwitari: jini tukuna, hoto daga baya.

Yaron da ɓangare ɗaya na jikinsa ya fi girma, ko mai larurar Beckwith da Wiedemann (wadda ake haifar yaro da ita, tana sa jiki girma fiye da kima), shi ne wanda lissafin maimaitawa ya fi shafa. Haɗarin kansar ƙoda da ta hanta ya ɗan fi yawa a gare su, don haka ake duba cikinsu duk wata 3 har zuwa kusan shekara 7 ko 8. Wannan ya kai hoto wajen 30. Da CT, radiyeshin ɗin zai taru ya zama matsala da kansa. Da MRI, barci 30 ne ga ƙaramin yaro. Sikanin ne kaɗai ke iya ɗaukar wannan jadawali, a ajiye MRI sai ranar da ya nuna wani abu sabo, kuma tazarar wata ukun an tsara ta ne bisa saurin girman waɗannan ƙari, don haka tsallake zagaye ɗaya yana rage amfanin dukan shirin.